Dutsen da Aka Hana Ni Wankewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, can kuma muka dosa, da mai sauri da mai jan ƙafa.

Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran 'yata ta fari a gadon asibiti, bayan ta shafe shekara biyu tana fama da ciwon ƙoda. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar miji, ta bar uwa, ta bar ƙanne biyu, ta bar ni. Ta kuma bar wani akwatin gilashi mai cin ruwan gishiri lita ɗari biyu, da kifaye biyar, da duwatsu goma sha ɗaya waɗanda tun tana raye take rantse mini cewa suna da rai.

Yau Talata ta tara ke nan da rasuwarki, Uwata. Haka nake kiranki tun ranar da aka sa miki sunan mahaifiyata, kuma ba yau zan fara kama sunan ba. Na san na makara da wannan rubutu. Abokan karatunki sun yi nasu tun a makon farko, da manyan kalmomi waɗanda sai da ƙanwarki ta zauna ta warware mini. Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya ƙare, kuma ko a can ɗin malamai sun fi sanin ƙeyata fiye da fuskata, don kullum ina kallon taga. Amma ba ƙarancin boko ne ya hana ni rubutu ba. Zama ne ya gagare ni. Tun da muka dawo daga kai ki, ban haɗa minti goma a kan kujera ɗaya ba. In tashi daga falo in leƙa kicin, in fita ƙofar gida in dawo, in buɗe akwatin kayan aiki in rufe ban ɗauki komai ba. Uwarki ta ce in na ci gaba da zirga-zirgar nan sai an sake wa gidan daɓe.

Wanda bai san ni ba, ga sana'ata: wanke tankin ruwa. Shekara talatin da takwas ina hawa tsani, in zuƙe ruwan tanki da tiyo, in shiga ciki da burushi da kulorin, in fito ina warin asibiti. A duniyar nan ba ni da abokin gaba sai gansakuka. In na hango kore a jikin abin da ke riƙe da ruwa, hannuna kan fara ƙaiƙayi kafin ƙwaƙwalwata ta samu labari. Da wannan hannun na ciyar da ke, da shi na biya miki makaranta, kuma da shi na yi miki ɓarnar da har kika koma ga Allah ba ki daina tsokanata da ita ba.

Kina da shekara goma sha tara, kina karatu kina kuma taya wata tsohuwa aiki a shagonta na kifin ado. Wata rana kika shigo gida da bokiti, kin lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, kina tafiya a hankali kamar kin ɗauko jariri. Na leƙa. Dutse ne, girman kan yaro, duk jikinsa ramuka. Na ce, "Uwata, duk duwatsun da ke bakin titi ba su ishe ki ba, sai kin je an ba ki a shago?"

Kika ce, "Baba, wannan mai rai ne."

Na ce, "To, ki ce ina gaishe shi."

Kin yi mini bayani ranar, ban musa ba. Amma na saurare ki ne da kunnen da nake sauraron masu gida in suna koya mini yadda ake wanke tanki: kai yana gyaɗawa, zuciya tana wani wuri. Kika sa dutsen a ƙaramin akwatin gilashi a ɗakinki, da ruwan da kika dama da gishiri na musamman, bayan wasu makonni kika kawo kifi biyu.

Wata uku da haka, kin tafi jarrabawa tun safe, ni kuma ba ni da aiki ranar. Na shiga ɗakinki neman almakashi. Abin da na gani, Uwata, sai da tsigar jikina ta tashi. Dutsen ya yi ɗigo-ɗigo na shunayya da ruwan hoda kamar mai cutar fata, ga koren gashi a gefe, ga wata tsutsa ta leƙo daga rami tana kallona ba kunya. Na ce a raina, yarinyar nan karatu ya sha mata kai, ga ƙazanta ta cinye mata dutse, ubanta kuwa mai wanke tanki. Abin kunya ne a gare ni. Na naɗe hannun riga. Na ciro shi, na ba shi burushi, na jiƙa shi a kulorin, na ɗauraye a famfo, na shanya a kan katanga har rana ta yi masa nata aikin. Ya fito fari fat. Na mayar da shi cikin akwatin, na sake riga, na zauna a falo ina jiran godiya.

Kin shigo, kin gaishe ni, kin wuce ɗaki. Sannan na ji kin ce, a hankali, "Baba, me ka yi?"

Na ɗaga murya da fara'a na ce, "Kyauta ne, kada ki damu."

Ba ki yi kuka a gabana ba, ba ki ɗaga mini murya ba. Kin sauya ruwan har sau uku, kin yi duk abin da kika sani. Kifi ɗaya ya mutu a kwana na biyu, ɗayan a na huɗu. Ranar da kika ciro na biyun, kika haɗa mini shayi, kika zauna a gefena, kika sake yin bayanin da kika yi a farko. A wannan karon na buɗe kunne. Kika ce dutsen kansa ba shi ne mai rai ba, gari ne. A cikin ramukansa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke cinye dattin da kifi ke fitarwa kafin ya zama guba. Shunayyar da na kankare, alamar lafiya ce, wata da watanni take ɗauka kafin ta fito. Tsutsar da ta kalle ni ma'aikaciya ce. Kika ce in babu wannan garin, kifi a cikin fitsarinsa yake iyo har ya mutu.

Sannan kika ce, "Baba, aikinka shi ne ka tabbatar babu abin da ke rayuwa a cikin ruwa. Nawa aikin shi ne in tabbatar akwai. Mu raba ruwa. Na sha naka ne, na gishiri nawa ne."

Muka raba. Shekara goma sha biyar ban sake sa ko ɗan yatsa a ruwanki ba.

Amma farin dutsen ba ki jefar da shi ba. Da kika buɗe naki shagon, kika ɗora shi a busasshe a kan kanta, daidai inda kowa zai gani, da ɗan kati a gabansa: “Aikin Babana.” Duk wanda ya zo sayen dutse mai rai, sai kin nuna masa wannan kin ba shi labarin kafin ki bari ya fita da kayansa. Haka na yi suna a cikin mutanen da ban sani ba. Wata rana ina kan tsani a wani gida, mai gidan ya ƙura mini ido ya ce, "Don Allah, ba kai ne baban mai shagon kifi ba? Mai kulorin ɗin nan?" Saura kaɗan in faɗo. Na zo na kai miki ƙara, kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce ai sadaka nake yi ban sani ba, don labarina ya ceci duwatsu sun fi ɗari.

Ina so masu karanta wannan su san wace ce ke a bakin aikinki. Ba ki taɓa sayar da dutsen da aka fasa daga ƙarƙashin teku ba. Kin ce gidan wasu ne, ba za ki rushe gari don ki ƙawata falo ba. A bayan shago kika jera manyan bahuna, ki zuba busasshen dutse, ki sa masa mai rai guda ɗaya ko biyu a tsakiya, ki bar injin yana juya ruwa wata shida, wata takwas, har rai ya yaɗu daga wannan zuwa wancan. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, ban san inda kika gado wannan haƙurin ba. Uwarki ta ce ba sai an yi dogon bincike ba.

Na ga ranar da wani babban mutum ya zo da mota mai baƙin gilashi, yana so a kafa masa akwati, a zuba dutse, a cika da kifi ashirin duk a yini ɗaya, don yana da baƙi ranar Asabar. Kika ce masa dutse zai zauna mako shida kafin kifi ɗaya ya shiga. Ya ce shi ba a ce masa a'a. Kika ce, "Ranka ya daɗe, ni zan iya ce maka to, amma ruwan ba zai ce ba." Ya fita a fusace. Ina gefe ina tafasa, ke kuwa kin koma auna gishiri. Na kuma san ranar da wata malamar makaranta ta kira ki tana kuka, ruwanta ya yi fari kifayenta suna haki a sama. Kika rufe shago da rana tsaka, kika ciro duwatsu uku daga akwatinki na gida, waɗanda kika fi so, kika kai mata. Ba ki taɓa tambayar su ba.

Ko da ciwo ya kwantar da ke, ba ki daina ba. A zauren da kuke jira kafin a ɗora ku a kan injin wankin ƙoda, babu abin kallo sai bango da agogo. Kika roƙi izini kika kafa ƙaramin akwati a wurin, kika koya wa ma'aikatan jinya biyu yadda za su kula da shi. Na ga wani dattijo da ba ya magana da kowa, ya ja kujerarsa gaban gilashin yana yi wa jatan lande faɗa don ya ƙi fitowa daga rami. Kika raɗa mini, "Ka gani, Baba? Dutsen nan shi ne ƙodar akwatin. Tasa tana aiki, ta fi tamu."

Ranar na je na samu likita na ce a cire tawa a sa miki. Aka ɗebi jinina, aka auna nan aka auna can, aka dawo aka ce shekaru sun ja, ga sukari. Abin da na ba da kyauta ma ba a karɓa ba. Na dawo gefen gadonki na kasa haɗa ido da ke. Kika ce, "Rabu da su, Baba. Ai ni ma tsoron taka nake ji, na san kulorin za ta riƙa tsiyayowa." Na yi dariya don ki ga na yi. Na fita baranda na ƙarasa sauran.

Saura mako ɗaya ki tafi, kika tara mu: ni, uwarki, mijinki, da ƙanwarki. Kika ce shago da bahunan da ke bayansa ƙanwarki za ta riƙe, tunda tare kuke yi. Sannan kika ce akwatin gida, babban, a kai wa Baba.

Uwarki ta ce, "Wane Baban?"

Mijinki, yaron kirki mai kunya, ya kama tari.

Kika ce, "Kuma a ɗauko farin dutsen kan kanta a sa a ciki."

Na ce, "Uwata, zazzaɓi ne ke magana ko ke ce? Duk garin nan ba ki samu wanda za ki ba amana ba sai wanda aka kama da hannu dumu-dumu?"

Kika ce, "Kai kaɗai ne har yau kake jin kunyar dutsen nan." Sai kika ciro wani littafin rubutu daga ƙarƙashin matashi. Kin rubuta shi da manyan baƙaƙe, layi ɗaya a tsallake ɗaya, irin yadda ake rubuta wa 'yan aji ɗaya, don kin san ɗalibin da za ki koyar. Kowane shafi mako guda. Kika ce kada in buɗe shafi sai makonsa ya zo, don kin san in na karanta duka a zama ɗaya, a yini ɗaya zan aikata duka.

Kwana bakwai bayan rasuwarki muka ɗauko akwatin daga gidanki. Mijinki ya ce ba ya iya shiga falon, ƙarar injin ruwan kaɗai tana sa shi jin kamar za ki fito daga kicin. Shafin farko ya ce dutse kada ya bushe, kada ya sha rana, kada ruwan famfo ya taɓa shi. Muka zuƙe tsohon ruwan a jarkoki, kifaye a bokiti ɗaya, duwatsu a bokiti huɗu, kowanne da ruwansa da jiƙaƙƙen tawul a sama. Bene hawa uku muka sauko da su. A motar ɗaukar kaya na rungume bokitin manyan duwatsun a cinya. Direban kuwa kamar an aiko shi, duk ramin da ke titi sai ya gaisa da shi. Kafin mu iso, wandona ya jiƙe sharkaf daga gaba. Na sauko a ƙofar gida, maƙwabta da suka zo yi mana gaisuwa suka kalli wandon, suka kalli juna, suka sunkuyar da kai don tausayi. Na san abin da suka ɗauka. Ban gyara musu ba, ina sauri.

Muka kafa shi a falo, nesa da taga kamar yadda kika ce. Mijinki ya jera duwatsun yadda suke a hoton da ke wayarsa. Sannan ya miƙo mini farin. Uwata, na ɗauki tankin da ya fi ni nauyi ban ji komai ba, amma wannan sai da na sa hannu biyu. Na ajiye shi a ƙasa daga hagu, a tsakiyar 'yan'uwansa masu launi, fari tas kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Daga nan rayuwata ta koma ta ɗan aiki. Kin ja layi da alƙalami a jikin gilashi, kin ce in ruwa ya sauka daga nan in ƙara tataccen ruwa marar gishiri, don ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Kwana uku ina gardama da littafin a kan wannan kafin in yarda. Abinci ɗan tsunkule, sau ɗaya. Ma'aunin zafi kada ya wuce ashirin da shida. Jarka ɗaya a sauya duk mako. Gilashin gaba kaɗai aka yarda in goge. Sauran shara ta dodon koɗi ce guda shida da kika zuba a ciki, waɗanda suka ƙwace mini sana'a a cikin gidana, suna kuma yin ta da nawar da in yarana ne da tuni na sallame su.

A mako na biyu wuta ta ɗauke da hantsi, batirin injin kuma ya ƙi. Littafin ya ce in ruwa ya tsaya, garin da ke cikin dutsen zai shaƙe. Na ɗauki jug, in ɗebo in tsiyaya daga sama, in ɗebo in tsiyaya. Awa uku da rabi. Uwarki ta karɓe ni na yi sallar azahar, na dawo na karɓe ta. Kafaɗata kamar za ta cire, amma wallahi tun da kika tafi ban ji sauƙin zuciya irin na wannan yinin ba. Hannuna ya samu abin yi, kuma na ceto ne.

Mako na uku ne ya kusa kai ni ƙasa. Na tashi da safe na tarar wani abu ruwan ƙasa ya lulluɓe komai, kamar an watsa sauran shayi a cikin akwatin. Yashi ya yi datti, duwatsu sun dusashe. Farin dutsen kuwa ya fi kowa muni, ya koma kamar haƙorin mai taba. Kwana biyu sai ga koren gashi ya fara tsirowa a kansa. Gansakuka, Uwata. A falona. A gaban idona. Na daina cin abinci sosai. In zagaya akwatin ta dama, in zagaya ta hagu, hannuwana a aljihu kamar ɓarawon da ya tuba jiya. Zuciyata tana ce mini: ka kashe shi, ka sake kashewa, amanar yarinya tana ruɓewa kana kallo, kuma kai ne mutumin da ya fi kowa sanin maganin wannan abin. Uwarki da ta san mijinta ta kwashe burusaina duka ta kai gidan ƙanwarki. Tsabar ruɗewa ko littafin ban tuna da shi ba.

Ranar Alhamis da la'asar uwarki ta shiga wanka. Na leƙa banɗakin tsakar gida na samu burushin goge baki. Na ce ba wankewa zan yi ba, shafawa kawai, kuma farin dutsen kaɗai, tunda shi dama matacce ne. Na naɗe hannun riga. Hannuna yana cikin ruwa har gwiwa, sai na ji ta a bayana.

"Malam, ka buɗe shafin makon nan kuwa?"

Ta buɗe ta riƙe mini a gaban fuska, hannuna yana ɗiga. Ga abin da kika rubuta:

“Mako na uku. Ya yi muni ƙwarai, ko? Haka zai yi. In an tayar da dutse daga wuri sai ya yi wannan kafin ya daidaita, kuma farin ba zai yi rai ba sai ya fara yin datti. Baba, ajiye burushin. Na goge bakin Mama ma ajiye mata.”

Na kalli abin da ke hannuna. Nata ne.

Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba. Mutane har suna yaba mini tawakkali, alhali ni dai na ƙame ne. A nan, a kan daɓen falo, da burushin matata a hannu da ruwan gishiri yana bin hammatata, na zauna na yi kukan da tun ina yaro ban yi irinsa ba. Kina kwance ana tace miki jini, kin hango ni daga nesa, kin san ranar, kin san har makamin.

Washegari na karɓo kayan aikina na fita layi. Tunda an hana ni wannan ruwan, sai wani ya ɗanɗana. Na wanke tankin masallaci, na wanke na mai aski, na wanke na gidan da ke kallon namu da na bayansa. Ba wanda ya kira ni. Maƙwabcinmu tela, da ya ga na jingina tsani a karo na biyu cikin mako ɗaya, ya fito ya riƙe ƙafar tsanin ya ce, "Don girman Allah ka sauko mu sha shayi. Tankin nan ka kusa huda shi." Yau babu layin da ya kai namu tsaftar ruwa.

A mako na biyar dattin ya fara janyewa da kansa, dodon koɗi suna bin sa a hankali. Amma a makon ne rawayan kifin nan, wanda kika fi daɗewa da shi, ya daina cin abinci, ya shige bayan dutse, da safe na tarar da shi a kwance. Na kira mijinki. Ya zo da 'yan kwalabenki na gwaji, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya ɗaga su a haske ya ce ruwa lafiya lau, kifin ne ya tsufa, shekararsa tara. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake yi. Har yau ban sani ba. Ina gaya miki ne don kada ki ji a wani wuri: biyar kika bar mini, saura huɗu.

Rubutunki yana ƙara karkacewa daga shafi zuwa shafi. Na mako na takwas shi ne na ƙarshe, layi uku ne kacal, na ukun ma ya gangara ƙasa. Kin ce in haska farin dutsen da tocila ta gefen da ruwa ke bugunsa, in nemi ɗigon shunayya. Ba ki faɗi abin da zan yi ba in ban gani ba. Na haska ranar Talata, babu. Laraba babu. Na haska safe da yamma har batir ya mutu na sake wani. Mako ya ƙare. Na juya shafi na tarar da farar takarda, na juya na gaba, fara. Wannan makon da ya wuce shi ne mafi tsawo a rayuwata, don a cikinsa ne na gane ba za ki ƙara gaya mini komai ba.

Yau da safe, bayan na ƙara ruwa zuwa layi, na haska ba don ina sa rai ba. A can ƙasa, kusa da wani rami, na ga wani abu kamar kan ashana. Ki gafarce ni, Uwata, abin da ya fara zuwa raina shi ne datti ne, har farcena ya kama hanyar ruwa. Uwarki ta make mini hannu, irin makewar da take yi muku kuna yara in kun kai hannu tukunya. Ta sa tabarau, ta karɓi tocilar, ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ce, "Ba ɗaya ba ne. Uku ne."

Na kira mijinki na gaya masa. Ya ce yana zuwa bayan an tashi aiki, kuma yana so ya zauna a falon.

Shekara goma sha biyar dutsen nan yana ba da shaida a kaina. Yau ya janye ƙara.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ta tausaya wa halittunKa har waɗanda ido ba ya gani, Ka tausaya mata. Ta yi haƙuri da ciwo, ta yi haƙuri da uba mai gaggawa, Ka saka mata da abin da ya fi. Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka wanke ta tas daga kurakuranta. Wannan wankin Naka ne Kai kaɗai, ni na cire hannuna. Ka sada ta da mai sunanta a gidan Aljanna, Ka sa mu tarar da su cikin rahamarKa in tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta, wadda ta binne 'ya ta kuma dawo tana gadin miji. Allah Ya ba ki ladan duka biyun. Ga surukina, wanda tun daga yau ɗa ne ba suruki ba: ƙofa a buɗe take, kujerar gaban akwatin taka ce. Ga ƙannenta, musamman wadda ta gaji bahuna da jira. Ga tsohuwar da ta ba ta dutsen farko, da ma'aikatan jinyar da suka riƙe ta suka kuma riƙe akwatin zaurensu, da abokan jinyarta da ke zaune a gabansa har yanzu; Allah Ya ba ku lafiya. Ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantarta ya yi mini dariya, na yafe, ku sa ta a addu'a.

Uwata, uwarki ta leƙo yanzu ta kalli agogo ta ce awa biyu ke nan ina zaune a wuri ɗaya. Ban lura ba. Ina gaban akwatin, littafinki a gefe, alƙalami a hannun dama. Na hagun kuwa na zauna a kansa, don ban gama yarda da shi ba.

Allah Ya jiƙan ki.